Saura Ɗaya

"Zuba su duka cikin wuta!" in ji Malam Illo.

Ya daɗe yana wa'azin a bar bori. Da aka samu 'yancin kai, gwamnati ta naɗa shi kwamandan mai mulkin yankin, yau kuma ya tara mutanen Matankari su gani da idonsu.

Tsohuwa Ajuma, uwar 'yan bori, ta jefa garaya da zannuwan aljana doguwa. Sannan ta miƙo masa hannu.

"Saura ɗaya, Kwamandan. Kambun da ke damtsenka."

"Ayoyi ne! Inna tab ba ni."

"Wurina taz zo, don ka samu kujerag ga. Da hannuna na ɗunke shi."

Malam Illo ya waiga cikin taro. Innarsa ta ja lulluɓi ta rufe fuskarta.