Miyar da Ba Ta Neman Tuwo

Abokan aikina na asibiti, tun da na dawo daga karatu nake ta damun ku da magana ɗaya: kafin ku kawo wa majinyaci abincin da ya fi gina jiki, ku fara tambaya me ya ci yana yaro. Na san kuna cewa zumuɗin sabon shiga ne. To, ku ji wannan misalin.

An yi wata Baturiya 'yar ƙasar Finlan da ta zo Jos aikin jinya tana budurwa, ta auri wani malamin makaranta, ta zauna. Ta ɗaura zani, ta koyi tuƙa tuwo, Hausa ta zauna a bakinta har 'ya'yanta ba su taɓa jin ta yi wani yare ba. Abu ɗaya ta riƙe na garinsu. Sau ɗaya a shekara, in lambun bayan gida ya fara kyau, takan dafa wata farar miya ta madara da kayan lambu, ba mai, ba barkono, ba daddawa. Yara su zauna su zuba wa kwano ido suna jiran tuwo, ta ce ai wannan miyar ita kaɗai ake sha. Maigidan ya barbaɗa yaji don kar ta ji haushi, yaran su sulale gidan maƙwabta. Ita kuwa ta ɗauki nata ta zauna a ƙofar baya, tana sha tana kallon duwatsu. Da shekaru suka ja, sai ta daina dafawa, ba kuma wanda ya tambaya.

Mijin ya rasu, tsufa ya zo, ciwo ya kwantar da ita. Sai ta bar cin abinci. An yi farfesun kaza, an dama kunun gyaɗa, an yi tuwon shinkafa mai laushi, duk ta kau da kai. Zoben hannunta ya fara zamewa da kansa. Likita ya ce magani ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba. Nan babbar 'yarta, wadda ita ma ta yi furfura, ta tuna da farar miyar nan. Ta tafi kasuwa, ta yi abin da duk mai son girmama uwa zai yi: ta zaɓo manya. Karas kamar taɓarya, dankalin turawa cike da hannu, farin kabeji kamar kan jariri. Ta soya albasa, don ita a saninta da suya ake fara miya, ta zuba madara ta kawo. Tsohuwa ta sansana, ta ture kwanon da ɗan yatsa, ta ce, "Waɗannan ai sa'o'ina ne, sun tsufa."

Maganar ta tsaya wa 'yar a rai. Sai ga lambun bayan gida ya dawo mata: uwar a durƙushe tana tuge karas tun yana kamar ƙaramin yatsa, tana tono dankali bai wuce ƙwan zabo ba, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa Baturiya ba ta da haƙurin jiran amfani ya nuna. Ta kuma tuna abin da uwar ta taɓa faɗa musu ba su saurara ba. A garinsu ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, rana ta yi ƙaranci, a yi ta cin abin da aka adana har baki ya gaji. Ranar da aka ga ɗan abin farko ya fito a lambu, ba mai jiran ya girma. Shi ake dafawa da madara, gida duka a zauna a waje a sha. Ashe miyar ba ta manyan kaya ba ce, ta sabon fitowa ce.

Da safe ta nufi lambun bakin rafi, ta tarar da mai lambu yana rage shukar da ta yi cunkoso, yana tara ƙananan a gefe. Ta ce su take so. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, zomaye kike kiwo?" Ta kwaso su da raɓarsu. Ta ɗora ruwa kaɗan da gishiri, ta sa karas da dankali, da suka fara laushi ta bi da farin kabeji da koren wake. Ta kaɗa fulawa a madarar shanu, ta tsiyaya a hankali tana juyawa har ya yi kauri. Alayyafo ya shiga a ƙarshe, sai ɗan man shanu a kai. Hannunta ya kai kan daddawa, ta janye shi.

Tsohuwa ta karɓi cokali na farko, ta riƙe a baki ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ta karɓi na biyu, sannan ta amshe cokalin da kanta. Da ta ga gindin kwano, ta ɗago ta yi magana, doguwa, mai taushi, da wani yare da 'yar ba ta taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ta. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Amma ta ga kwanon da aka miƙo mata, ta tashi ta ƙaro.

Shi ya sa nake cewa ku tambaya. Masu iya magana sun riga mu faɗa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.