Buhunan Kaftin Ari

Tun da hantsi Kaftin Ari yake tsaye a filin jirgin Damagaram yana kallon yadda ake loda buhuna, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Rabonsa da murmushi tun kafin damina ta biyu ta wuce ba ruwa.

Shi matuƙin jirgin soja ne, haifaffen wani ɗan ƙauye can bayan Zermu, inda kamyo, babbar motar kaya, ba ya shiga saboda rairayi. Raƙuman da suke kai hatsi can sun mutu. Mahaifiyarsa Hajjo tana ƙauyen, tare da yayansa Nomau da 'ya'yan Nomau.

Dabarar Ari ba ta da wuya. A zuba gero rabin buhu, a ɗinke, a saka shi cikin wani buhun mai faɗi. Jirgi ya yi ƙasa-ƙasa a turo su. Ko na ciki ya fashe, na waje zai riƙe hatsin. Duk sojan da ya ji sai ya gyaɗa kai.

Sai dai jirgin soja ba ya tashi sai da izinin farar hula. Wanda aka ɗora a kan harkar, Mushe Alkasum, bai taɓa taka cikin jirgi ba sai a kujerar gaba, ana miƙo masa lemo. Bai san bambancin fiffiken jirgi da wutsiyarsa ba, amma shi yake riƙe da esansi, wato man jirgi. Idan matar wani babba za ta biki, esansi ya samu. Idan aka ce hatsi, sai a kafa kwamiti. Abin kunya ne, kuma ko a fuskarsa ba ya nunawa.

Ari ya yi ta sintiri a buro ɗinsa, wato ofishinsa, har masu gadi suka daina tambayarsa sunansa. Ana cikin haka Nomau ya aiko cewa za su bi sauran mutane su yi kudu, tun jakuna na iya ɗaukar tsofaffi. A makon ne Mushe Alkasum ya ce an yarda a gwada dabarar.

"Ka zaɓi fili duk inda ka ga dama," in ji shi, yana goge tabarau. "Buhuna kuma yarana za su shirya, kada ka wahalar da kanka."

Ari ya aika wa yayansa amsa a ranar: kada kowa ya motsa, gero na zuwa ta sama. Ayari ya tafi ya bar su. Gidaje da yawa suka zauna, don sun san ɗan Hajjo ba ya ƙarya. Mako ya zama wata ana jiran sa hannu, jakunan da suka rage suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.

Yau ga buhunan sun iso a ɗinke, biyu-biyu kamar yadda ya tsara. Sun yi masa ƙanana a ido, amma sikeli ya nuna nauyi daidai. Matan da suke zama bakin wayar shingen filin da 'yan ƙorai, suna tsintar ƙwayar da ta zube duk ranar da aka yi lodi, suka leƙa ƙasa suka koma inuwa. Ari ya yaba ɗinkin a ransa.

Ya tashi, ya bi ta kan gonakin da suka zama fako. Bai daɗe ba ya hango ƙauyensu. An share fili, an shimfiɗa fararen zannuwa don ya gane wurin. Mutane sun yi layi a gefe, wasu a zaune domin tsayuwa ta gagare su. Har daga tungayen nesa an zo, an bar rijiyoyi.

Ya sauko har yana ganin hannuwa a sama. Sojojin da ke baya suka turo buhunan, suka faɗi suna gangarawa. Ya zagayo ya duba, ko ɗaya bai tarwatse ba. Ya ga wata tsohuwa an riƙo ta ana nufar buhu na farko, ya tabbata Hajjo ce. Hawaye suka hana shi ganin allon gabansa sosai.

Da ya sauka, Mushe Alkasum yana jiransa ƙarƙashin laima, da mai ɗaukar hoto a gefe.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya fashe," in ji Ari. "A ba ni esansi in koma gobe. Mutanen sun fi yadda na zata yawa, abin da na jefa ba zai kai su mako suna ci ba."

Mushe Alkasum ya dube shi, ya yi 'yar dariya, ya gyara wuyan rigarsa saboda hoto.

"Suna cin me, Kaftin? Gwaji fa muka ce. A wannan shekarar wa zai yarda a watsar da gero daga sama? Rairayi na sa aka cika."