Mai Buga Faifai da Sabuwar Manhaja

Ranar wata Alhamis da hantsi, wani mai buga faifai a bakin kasuwa ya leƙa shagon maƙwabcinsa, ya tarar an cika ana kallon sabuwar kwamfuta. Hotuna na yawo a fuskarta kamar kifi a ruwa. Ya dawo ya dubi tasa, wadda ta yi shekara da shekaru tana ciyar da gidansa, sai ya ga ta yi masa muni. A lokacin akwai aiki a hannunsa. Shugabar wata Islamiyyar matan aure ta kawo masa karatun ɗalibanta masu sauka, za a buga wa kowace nata faifai a raba a walimar ranar Asabar. Duk shekara shi ke yi mata, bai taɓa saɓawa ba, har ta daina tambayarsa ko zai gama. Mutum ne mai tsari, ba a yi masa shaidar garaje ba. Sai da ya kwashe karatun kaf ya adana a filashi, sannan ya kira mai gyara ya ce a goge tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, a sa masa irin ta maƙwabci. Kafin la'asar an gama. Fuskar kwamfuta ta yi fes, har masu wucewa suna tsayawa, shi kuwa ya gyara zama yana amsa barka.

Da ya sa faifan farko, injin bugawa ya yi ɗan gurnani ya turo shi waje fari fat. Ya ce faifan ne jabu, ya aika aka sayo wani kwali. Shi ma haka. Ya canza waya, ya hure ƙura, ya cire manhajar bugawa ya sake sawa. Manhajar tana buɗewa lafiya, injin yana kunna fitilarsa lafiya, amma ko da aka ce ta nemo injin, sai ta ce ba ta ga kowa ba, alhali ga shi nan jingine da ita. Washegari bayan an sauko daga masallaci mai gyara ya dawo, ya duba, ya yi masa bayani cewa tsakanin injin da kwamfuta akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta. Ita ke gaya wa injin inda zai fara rubutu da saurin da zai yi. Sabuwar manhajar ba ta san tafintan wannan tsohon injin ba, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya daɗe da daina fitar da sabo. Mafita ɗaya ce, a koma tsohuwar manhaja, a kawo ɗan faifan direba da ya zo cikin kwalin injin. Mai buga faifai ya ɗaga kai ya dubi ƙofar shagonsa. Ɗan faifan yana can cikin waɗanda ya jera a zare ya rataye don ado, rana ta gasa shi har bayansa ya ɓare.

Ya ruga wurin maƙwabci da filashi a hannu, ya tarar kwamfutar da ta ɗauke masa hankali ko ramin sa faifai ba ta da shi. Sauran masu bugawa na kasuwar kuwa aikin bukukuwan ƙarshen mako ya sha musu kai, kowa ya ce sai Litinin. Ranar Asabar da sassafe shugabar ta iso da jakar da take kwasar faifai a ciki. Ta saurare shi har ya gama, ta dubi fuskar kwamfutar da ke ta walƙiya, ta ce, "Ta yi kyau kam, Malam. Allah ya sanya alheri." Ta karɓi filashin karatun, ta naɗe jakar ta sa a hammata, ta tafi ta gaya wa matan da suka yi wa iyayensu alkawarin faifai cewa bana babu.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.