Hular da Rumaisa Ta Ɗinka

Da Rumaisa ta ji sallamar saurayinta Muzzammil, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Jinin yayanta Jibrin bai gama bushewa a zaure ba. Da hantsi ɓarayin shanu suka sassari yayan da adda, yanzu yana asibiti a Gwandu.

Ta kafe shi da ido. "Kai ne mai rufaffiyar fuskar da ya nuna wa jami'an tsaro ɓarayi a kasuwar Kalgo?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun ce za su yafe mini satar da na yi a baya. Don in same ki na yi."

"Ka rufe fuska, ka bar hular da na ɗinka maka! Duk Maruda wa bai san ɗinkina ba? Yaya kaɗai aka sani ina yi wa hula, shi ya sa suka ɗauka shi ne!"

Ta fizge hular daga kansa, ta dangwali jinin da ita, ta cusa masa a hannu.

"Kai wa iyayen gidanka. Ka tambaye su wa zai rufe mana tamu fuskar."