Manhajar da Ke Yanke Gaisuwa

"To, in saƙon duk gaisuwa ce fa?" Hajiyar da nake so ta zuba jari ta tambaye ni.

"Sai kwandon shara, ranki ya daɗe. Manhajata imel take mayarwa kamar hira: ta yanke gaisuwa, ta bar magana. Tun bara nake amfani da ita."

"Buɗe kwandon mu gani."

Na buɗe.

Saƙonni ne a jere, duk na Baba, wanda na yi ta fushi da shi wai ya daina nemana, har ya rasu ban huce ba.

Na ƙarshen ya ce: "Ka tashi lafiya, ɗana? Ko ba ka amsa ba, Allah ya yi maka albarka."