Takardar da Mai Kitso Ta Ƙona

An yi wata mai kitso da ta shiga Islamiyyar matan aure da girmanta, har aka ɗora mata aikin tattara littattafan aji. A makarantar nan labule ake sakawa tsakanin malami da ɗalibai, ba sa ganin komai nasa sai yatsun ƙafa. Ita ke tura littattafai ta ƙarƙashin labulen, in ya gama dubawa ya turo mata ta raba. Ran nan tana cikin rabo sai wata 'yar takarda a naɗe ta faɗo daga littafin wata ɗaliba, matar wani direban babbar mota da kan yi wata biyu bai kwana gida ba. Mai kitso ta take takardar da ƙafa, da ta faki ido ta ɗauke ta ƙulle a haɓar zani. A gida ta warware. Jan biron malam ne, babu tantama, layi bakwai na Larabci. To ita karatunta na bugun Alƙur'ani ne mai wasali. Rubutun hannu mara wasali kuwa, da shi da sawun kaza duk ɗaya ne a wurinta. Sunan Allah ta gane a layin farko, sai sunan matar a layi na uku. Sauran ko harafi bai ba ta haɗin kai ba.

Ta zauna tana saƙe-saƙe. Addu'a ce? Ai kowa ya san matar ta yi ɓari sau biyu, tana iya roƙon malam ya rubuta mata abin karantawa. To in addu'a ce, me ya sa aka naɗe ta mitsitsiya kamar ƙullin magani? In ta yi shiru alhali ɓarna ce, da ita aka yi, tunda hannunta ne ke kai da kawo littafin. In ta kai wa wani ya karanta, ta tona asirin matar aure, ga mijin nan an san shi da baƙar zuciya. Kwana uku takardar na ƙarƙashin tabarmarta, in tana kitso sai ta riƙa fizgar gashin mutane, har wata ta ce, "Yaya, kitso kike yi ko fiɗa? Kin kusa ɗaye min fatar kai!" A rana ta huɗu ta ji matar direba tana bin layi tana tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko wata ta tsinci takarda. Tsoro ya rufe mai kitso kada a gano takardar a wurinta take. Abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a zuba shi a bola, sai ta sa ta a murhu, ta tona rami ta binne tokar.

Wuta ta ci takarda, ba ta ci zargi ba. Da abin ya hana ta cin abinci, ta samu shugabar makaranta ta durƙusa. "Hajiya, ni dai ban ce na ga komai ba, amma a sa ido." Hajiya ta matsa mata har ta faɗa. Aka kira malam, aka ce a kawo takardar a karanta a gabansa. Ina takarda? Malam ya ce, "Allah ya sani," ya kwashi littattafansa ya fita, bai sake dawowa ba. Wasu suka ce kunyar mai laifi ce, wasu suka ce mutumin kirki ba ya zama inda ake zarginsa. Kafin sati maganar ta kai tasha, direba ya dawo ya ce matarsa ta tafi gidansu sai ya neme ta.

Mai kitso ta rasa wanda za ta roƙa gafara, ta rasa wanda za ta yi wa Allah wadai. Har yau in aka wuce da gawa ta ƙofar gidanta, sai ta saki gashin da ke hannunta, don ta san akwai ranar da za a karanta mata takardar nan a gaban kowa, kuma ba ta san a wane sahu za ta tsaya ba. Gaskiyar masu iya magana: rashin sani ya fi dare duhu.