Ranar da Ta Sallama Motar

Wata bakwai wani malamin makaranta yana zuwa duk Asabar taya wata farar mota da ta ƙi sayuwa. Yakan yi tayin rainin hankali, mai sayarwar ta ce albarka, su sha shayi, ya tafi da farin cikinsa.

Yau da ya taya, sai ta ce, "Na sallama."

Ya dubi kujerar da ya saba zama kamar mai bankwana.

"Haba Hajiya, za ki yi asara."

"Mun gaji da wanke ta, Malam. Sati mai zuwa me zai kawo ka?"

Ya daɗe yana juya makullin motar.

"Babanki yana gida ran Asabar?"

"Yana nan," ta ce, idonta a kan rasit. "Sai dai shi ba ya ragi."